In Fadama Ta Yi Shiru

Ɗana, matso kusa ka zauna, yau maganar kwaɗo zan yi maka. Na san za ka yi mamakin tsoho mai furfura da ya ajiye zancen aure da neman halali ya kama zancen abin da ke tsugune a gindin randa. Ka yi haƙuri ka ji. Shekaruna sun haura 70. Na yi 35 daga cikinsu da alli a hannu ina koyar da ilimin halittu a makarantun sakandare, kuma tun kafin in ajiye allin nake noman shinkafa a fadamar da ke bin rafin Amba, ta hanyar Doma. A aji da gona duka na yi zama da kwaɗo, kuma ya nuna mini abubuwan da ba na so in tafi da su kabari ban faɗa maka ba.

Ina ɗan shekara 8 ko 9, a gidanmu na cikin tsohon garin Lafiya, kakata ta aike ni in ɗebo mata ruwa. Na ɗaga moɗa ke nan sai na ga kwaɗo ya lafe a danshin da ke ƙarƙashin randa, maƙogwaronsa yana motsi a hankali. Yaran unguwa sun taɓa gaya mini abin da gishiri ke yi masa, ni kuma ina so in gani da idona. Na shiga madafi na damƙo gishirin Keana daga ƙoƙo na barbaɗa masa a baya. Nan take ya miƙe ƙafafu, ya shiga birgima, jikinsa yana fitar da yauƙi, yana goge fuska da hannuwansa kamar yaron da barkono ya shiga wa ido. Kaka ta iske ni a kai. Ba ta doke ni ba. Ta karɓi moɗar ta kwarara masa ruwa har sau uku, ta ɗauke shi da ganyen gwanda ta kai shi inuwar danga, sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Me ya ci maka?" Na rasa amsa, kuma har yau ban samo ta ba.

Sai da na girma na gane abin da na aikata. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatar cikinsa yake tsotsarsa, shi ya sa yake neman danshi ya kwanta a kai. Yana da huhu, amma da fatar ma yana numfashi, muddin tana da laima. Fatarsa ƙofa ce a buɗe: abin da ke cikin ruwan da ya zauna, mai kyau ko mugu, zai ratsa ta ya shiga jininsa. Gishiri kuwa janye ruwan jikinsa yake yi, ya kashe shi da ƙishirwa yana kwance kusa da randa.

Abu biyu nake so ka riƙe daga nan. Na farko, duk ranar da ka sami iko a kan wanda ba zai iya rama ba, yaron shago ne, almajiri ne, matarka ce, ko dabbar da ke ɗaure a turke, ka tuna da tambayar kakata. Ba a sanin halin mutum a gaban wanda ya fi shi ƙarfi. Na biyu, kai ma zuciyarka irin fatar kwaɗo ce. Majalisar da kake zama da yamma, abokan da kake yawo da su, abin da kake kallo a waya har tsakar dare, duk ruwa ne da kake kwance a ciki, yana shigarka ko ka buɗe baki ko ba ka buɗe ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na ga yaran kirki da yawa da suka lalace ba tare da sun taɓa yin niyyar lalacewa ba. Wurin zama kawai suka yi sakaci da shi.

Bahaushe ya yi wa kalmar kwaɗo kaya da yawa. Da ita ake kulle ƙofa, da ita ake kiran haɗin zogale da ƙuli-ƙuli, da ita kuma ake kiran duk wani mai tsalle a bakin ruwa. To amma masu tsallen nan iri-iri ne, sun haura 7,000 a duniya. Lokacin da nake koyarwa, in damina ta kankama nakan kwashi ɗalibai mu gangara Amba da bokiti, in sa su kamo biyu mu ajiye a jere. Ɗaya kwaɗon tudu ne, irin na gindin randarmu: fatarsa busasshiya mai ƙuraje, ƙafafunsa gajeru, tafiyarsa ɗan tsalle-tsalle, bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fitar da farin ruwa mai ɗaci wanda ke sa kare ya tofar da shi. Ba shi da haƙori ko ɗaya, kuma macensa na zuba ƙwai a jere cikin dogon zare kamar carbi. Ɗayan kwaɗon ruwa ne: santsi gare shi, ƙugunsa siriri, cinyoyinsa dogaye masu ƙarfi, yatsun ƙafarsa haɗe da fata saboda iyo. In ka sa yatsa a muƙamuƙinsa na sama za ka ji ƙananan haƙora kamar bakin zarto. Harshensa a gaban baki yake kafe, shi ya sa yake iya wurga shi waje ya manno ƙwaro. In zai haɗiye, sai ya runtse idanu su nutsa ciki su taya shi tura abincin. Yara kan yi shiru in sun ga wannan, ni ma ban taɓa gajiya da kallonsa ba.

A shekarar 1758 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tsara wa halittu sunaye, ya kira kwaɗo da sunansa na Latin, wato Rana. Ka ji ikon Allah, kalmar da a bakinmu take nufin babbar abokiyar gabar kwaɗo, a bakinsu ita ce sunansa. Daga nan aka sami babban gida da masana ke kira Ranidae, gidan kwaɗin asali. Shekaru aru-aru duk kwaɗon da aka gani mai santsi da dogayen ƙafafu sai a tura shi wannan gida. Babban kwaɗon ruwanmu, wanda da yawa ke ce wa burduddugi, mai idanu a saman kai da layi mai haske da ya ratsa bayansu, wanda in ka razana shi yake gudu a kan fuskar ruwa kafin ya nutse, a can aka ajiye shi. Haka aka yi wa ƙaton kwaɗon Kamaru da ke kai kilo 3, mafi girma a duniya. Haka na karanta, haka na koyar. Sai a 2006 wasu masana suka fitar da babban bincike a kan ƙwayoyin gado na waɗannan halittu, aka ga cewa kama da wane ba ta wane. Aka raba gidan. Burduddugi ya koma wani dangi, kwaɗin ciyawa masu tsini a baki da jijiyoyi a baya suka koma wani, ƙaton Kamaru shi ma daga baya aka ware masa nasa. Gidan asalin ya rage da nau'i sama da 400, yawancinsu a Asiya da Turai da Amurka. A irin dajinmu wanda ya rage a cikinsa shi ne wani mai launin ƙasa-ƙasa da farin leɓe da layi mai haske a kowane gefe, wanda aka fara rubuta labarinsa a 1841 daga Galam ta ƙasar Sanagal.

Ban ji wannan labari ba sai bayan na yi ritaya. Wani tsohon ɗalibina, wanda na taɓa riƙe wa hannu yana zana kwaɗo a allo, ya ci gaba da karatu har ya wuce inda na tsaya. Ya zo gaishe ni, muna hira na kira burduddugi da tsohon sunansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a gafarce ni, an canza." Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɗan sosu. Amma na tuna an haife ni Lafiya tana Lardin Binuwai, a 1967 aka ce muna Binuwai-Filato, a 1976 muka zama Filato, ranar 1 ga Oktoban 1996 muka wayi gari a babban birnin Jihar Nasarawa, Amba kuwa tana kwance inda take. Burduddugi bai sauya ba. Saninmu game da shi ne ya ƙaru. Na ce wa yaron ya ɗauko takarda ya koya mini, na zauna a gabansa kamar yadda ya taɓa zama a gabana.

Ɗana, in gaskiya ta zo maka daga bakin ƙaninka, ka karɓa da hannu biyu. Girman da gyara zai zubar, dama can ba girma ba ne. Kuma kada ka yi saurin jefa mutane a kwando ɗaya don sun yi kama. Garin nan namu na Barebari ne da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa. Mai gaggawa yakan ce "ai duk halinsu ɗaya", alhali ko kwaɗi sai da aka yi shekara kusan 250 ana dubawa kafin a san wane ne ɗan'uwan wane.

Kowace damina nakan ajiye ƙwan kwaɗo a babbar kwalba a tagar aji. Cikin 'yan kwanaki sai su ƙyanƙyashe, baƙaƙe ƙanana, kai da wutsiya kawai, suna numfashi a ruwa kamar kifi, suna kankarar gansakuka. Daga baya ƙafafun baya su ɓullo, sannan na gaba, baki ya faɗaɗa, hanji ya gajarce, huhu ya fara aiki. Wata shekara wani yaro ya ƙosa. Ya ga ɗaya ya yi ƙafafu huɗu amma yana jan wutsiya, sai ya sa reza ya yanke ta, a ganinsa taimako ya yi masa. Da safe muka tarar da shi ya mutu. Abin da yaron bai sani ba shi ne, a kwanakin nan na ƙarshe ɗan kwaɗo yana daina cin abinci ɗungum, saboda bakinsa da cikinsa duk ana sake gina su. Wutsiyar nan ita ce guzurinsa. Jikinsa ne ke shanye ta kaɗan-kaɗan har ranar da zai hau tudu.

Wutsiyarka, ɗana, ita ce shekarun da kake yi a ƙarƙashin wani: koyon sana'a a garejin maigida, sharar shago, zaman aji, aiken da ake yi maka kana ganin ka girme shi. Kana jin kunyarta, kana ganin sa'o'inka sun hau babur kai kana tafe a ƙasa. Kada ka yanke ta. Na ga masu barin koyo da rabi su buɗe nasu wurin, shekara ba ta zagayo ba sun rufe. Zafin nema ba ya kawo samu. Sai dai kada ka ɗauki haƙuri a matsayin kwanciya. Kududdufin da aka haifi ɗan kwaɗo a ciki ba ya jiran kowa, rana tana shan sa kullum. Wanda bai ci ya girma cikin 'yan makonnin da aka ba shi ba, a busasshen taɓo za a same shi. Macen kwaɗo na zuba ƙwai ɗaruruwa, wata dubbai, amma tsakanin tarwaɗa da zalɓe da ƙwarin ruwa da fari, 'yan kaɗan ne ke hawa tudu. Ƙuruciya kududdufi ce, kuma tana ƙafewa.

Muna yara mun yarda cewa daga sama kwaɗi ke faɗowa tare da ruwan farko, don in ba haka ba ina suke duk tsawon rani? Amsar ta zo mini wani watan Maris ina haƙar rijiya a gefen fadama. Na yi zurfin kamu ɗaya da wani abu sai diga ta buɗe wani ɗan rami, ga ƙaton kwaɗo a dunƙule, idanu rufe, an naɗe shi cikin wata busasshiyar fata kamar takarda. Fatarsa ce da ya yi ta saɓulewa yana tarawa a jikinsa don ta tsare masa ruwa. Wata da watanni yana nan, ba ci ba sha, numfashinsa ya yi ƙasa, yana jiran danshi ya sauko masa. Na mayar da shi na rufe, na matsa gaba da haƙata. Wasu irin kuma, kamar burduddugi, bakin manyan ruwaye suke komawa su yi rani. Can Alaska ta Amurka akwai wani ɗan gidan asalin da ke daskarewa da sanyin hunturu har zuciyarsa ta tsaya, in ƙanƙara ta narke ya farfaɗo ya nufi ruwa.

Rani zai zo maka. Ni ya zo mini shekarar da aka yi watanni ba albashi, ga yara a makaranta, ga mahaifiyata ba lafiya. A irin wannan lokaci ake sayar da gona, ake cin bashin ruwa, ake taɓa amanar da aka ba mutum ajiya. Mun rage ci, mun rage fita, mun rufe sirrinmu, muka jira. Abin da za ka tsare a rani shi ne mutuncinka, domin shi ne ruwan jikinka. Dukiya takan dawo da damina.

Yanzu bari in faɗa maka laifina, wanda saboda shi na kira ka. Ka san daren ruwan farko a watan Afrilu, ƙasa tana ƙamshi, shinge ya cika gindin fitila. In ka tsaya a bakin fadama a irin wannan dare sai ka ji kamar ƙasar ce ke magana. Mazan ne kaɗai ke wannan kuka, suna hura jakar maƙogwaro suna kiran mata, kuma kowane iri da muryarsa, macen ba ta amsa wa wanda ba nata ba. Nakan iya rufe ido in ƙirga iri biyar ko shida a gonata. Wata damina, da maganin feshi ya yawaita a kasuwa, na fesa wa shinkafata, na gama da la'asar a gajiye. Maimakon in ɗebi ruwa in hau tudu, sai na tsoma famfon feshin a kududdufin da ke ƙasan gona na wanke, na tuttular da ragowar a ciki. Ni da na koyar da fatar kwaɗo shekara da shekaru. Washegari na tarar da bakin ruwan ya yi baƙi da 'ya'yan kwaɗi, cikinsu a sama, manya uku suna shawagi a miƙe. Daren nan na koma na tsaya. Gonakin maƙwabta suna ta amo, tawa shiru. Na ji muryar kakata kamar tana bayana.

Shirun nan yana da farashi. Babban kwaɗo dare ɗaya yana cin fara da tsutsa da ƙwari masu yawa, waɗanda da shinkafarka za su kwana a kai. 'Ya'yan burduddugi mafarauta ne tun suna cikin ruwa, har tsutsar sauro suna ci. Shi kuma kwaɗon abincin zalɓe ne da shamuwa da guza da maciji. In ka zare shi daga tsakiya, na ƙasa su yi yawa, na sama su watse. Ƙasar Indiya ta ɗanɗana wannan. Shekaru tana kwashe kwaɗin gonakin shinkafarta tana sayar wa Turai da Amurka cinyoyinsu, har manoma suka ga ƙwari sun ƙaru, kuɗin magani ya ƙaru, a 1987 gwamnati ta hana fitar da su. A nan yankinmu ma, binciken da masana daga Jami'ar Legas da birnin Balin na Jamus suka wallafa a 2010 ya nuna ana kwasar kwaɗi miliyoyi kowace shekara daga arewacin Najeriya da ƙasashen maƙwabta, a busar a kai kasuwannin kudu, kuma mafi yawansu burduddugi ne. A 2023 aka fitar da ƙididdigar duniya: cikin kowane nau'i 100 na kwaɗi da danginsu, kusan 41 suna fuskantar barazanar ƙarewa. Babu wani rukunin dabbobi masu ƙashin baya da ya kai su shiga haɗari.

Ba ina zargin maƙwabtanmu da ke cin kwaɗo ba ne. Abincinsu ne tun kaka da kakanni, kuma malamanmu ma sun yi saɓani a kan hukuncin cinsa. Mai kama na miyar gidansa bai taɓa ƙarar da fadama ba. Abin da ke ƙarar da ita shi ne a bi ta da tocila dare bayan dare a lokacin da suke zuba ƙwai, a kwashe uwa da uba a cika buhu, sai kuma guba, sai cike fadamu da ƙasa ana yanka filaye. Ka dubi yadda gine-gine suka bi hanyar Makurɗi da ta Shandam da ta Doma tun da garin nan ya zama babban birni. Wurare da yawa da na sani da kukan kwaɗi yanzu ƙarar janareta ake ji, kuma ruwan da fadama ke shanyewa a da, ɗakunan mutane yake shiga. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Alƙur'ani ya ambaci kwaɗi a Suratul A'araf cikin ayoyin da aka aika wa mutanen Fir'auna, kuma ya zo a hadisi cewa wani mai magani ya nemi izinin sa kwaɗo a haɗinsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe shi. Halittar da aka yi wa wannan kariya ba abin wasan yara ba ce.

Kuma ka sani, ruwan da ya kashe ɗan kwaɗo a ƙasan gonata bai tsaya nan ba. Ya gangara Amba, inda mata ke wanki, shanu ke sha, yara ke wanka. Kwaɗo ya riga mu mutuwa ne kawai saboda fatarsa ta fi tamu taushi. Sai da damina biyu ta wuce kafin kududdufin nan ya dawo da muryarsa, kuma iri ɗaya daga cikin waɗanda na saba ji ban sake jinsa a wurin ba.

Gonar nan kai za ka gaje ta. In za ka yi feshi, ka auna yadda aka rubuta a jikin kwalba, kada ka ƙara don kana sauri, kada ka fesa in hadari ya haɗo. Ka ɗebi ruwa a bokiti ka hau tudu ka wanke famfonka nesa da rafi, kwalbar kuma ka huda ta ka binne, kada ta koma gida a zuba mai ko gishiri a ciki. Ka bar ciyawar bakin kududdufi yadda take, taku goma ba zai rage maka buhu ba. In ka ga yara sun taru a kan kwaɗo da dutse ko gishiri, ka tsaya ka yi musu tambayar da aka yi mini. Sannan in Allah ya kai mu ruwan farko na bana, ka zo bayan sallar isha ka kama hannuna mu gangara fadama, in koya maka muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya tun kunnena yana ji. Allah ya yi maka albarka.